Fihirisa a Kan Faifai: Masu Gurza Bidiyo a Ƙasar Gumel

Wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ran Alhamis a shekarun da suka biyo bayan 2000, in ya baro kara, inda ake cinikin shanu da raƙuman da aka koro daga wajen Dungas da Damagaram, ya ratso ta cikin rumfuna, ba zai rasa tuna wata rumfa ba wadda janareto ke kuka a bayanta, talabijin na bakinta, yara sun yi mata zobe, an kuma jera faya-faye cikin kwalaye masu hoton 'yan wasa tun daga ƙasa har rufi. Sana'ar nan ta gurza faifai ba ta yi tsawon rai ba, amma a ganina ta cancanci a ajiye tarihinta, gama masu ita, ko sun sani ko ba su sani ba, magada ne ga malaman da suka riƙa kwafin littattafai da alƙalami da tawada a zaurukan ƙasar nan.

Asalin al'amarin kaset ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, shekara guda kafin a yanke Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991. Kuma ko da yake ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta koma ƙarƙashin Dutse ta fuskar mulki, ta fuskar kallo ba ta taɓa barin Kano ba, domin daga Ƙofar Wambai da Bata dillalai suka ci gaba da saro mata kaya. Shi kuwa kaset aibinsa ba ya ɓoyuwa. Ƙurar hunturu tana cin zarensa, na'ura kan tauna shi, kowane kwafi ya fi wanda aka ɗauko shi daga gare shi dusashewa, wanda kuma ke son ya sake ganin wani wuri tilas ya yi ta tariya yana laluben inda ya bari.

Faifan VCD, wanda kamfanonin Sony da Philips da Matsushita da JVC suka tsara ƙa'idarsa a 1993, shi ya fara tunkuɗe kaset, sai dai cikinsa ƙarami ne, ba ya wuce minti 80. DVD ya fito a Japan a 1996 da ciki mai gigabait 4.7, wato kusan ninki bakwai na ɗan'uwansa, amma bai zama na talaka a nan ba sai da na'urorin Sin masu rahusa suka cika kasuwa.

A nan ne hikimar take, kuma galibin masu kallo ba su san da ita ba. Zuba bidiyo a faifai yadda ake zuba gero a buhu ba ya sa na'ura ta karanta shi. Sai an juya shi zuwa tsarin MPEG-2, a kan ma'aunin da talabijin ɗinmu ya sani, wato PAL, mai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye da hoto 25 a kowace daƙiƙa, alhali wanda aka yi a kan ma'aunin Amurka yakan zubar da launinsa a tsohon talabijin. Bayan haka manhaja ta yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce gigabait guda ba, ta haɗa su cikin jaka ɗaya mai suna VIDEO_TS, tare da wani ɗan fayil mai suna IFO da ke gaya wa na'ura inda kowane babi ya fara, da kwafinsa na ko-ta-kwana. Sa'an nan a sa faifai emti, a buɗe manhajar Nero, a yi addu'a kada a ɗauke wuta, domin faifan da wuta ta yanke masa gurza ya tashi daga aiki har abada. Kuma kamar yadda mai kwafi kan ƙanƙanta rubutunsa in takarda ta yi tsada, haka mai gurza kan matse hoto don ya cusa da yawa. Faifan da haƙƙinsa awa biyu ne, sai ga irin na kasuwar Alaba ta Legas ɗauke da finafinai barkatai, fuskar jarumi tana wargajewa gida-gida kamar zanen dara.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shafin zaɓi, wanda masu sana'ar ke kira menu, wanda kuwa ba kome ba ne face fihirisa. Mutanen da suka tashi da sanin izu sittin, da babi da fasali a littattafan fiƙihu, ba su bukaci a yi musu dogon sharhi ba. Tafsirin azumi, irin na marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da ya rasu a 2007, sai a raba shi zama-zama. Biki a raba shi kamu, ɗaurin aure, kai amarya, buɗar kai. Hawan salla na Gumel, mai son ganin fitowar Sarki ya danna rimot ya same ta nan take, ba sai ya jira 'yan gaba sun wuce ba. Samari kuwa, sai a faɗi gaskiya, babin waƙa suke tsallakawa su bar labarin, har aka shiga buga faya-fayen waƙa zalla. A ƙasan shafin mai gurza yakan sa sunan shagonsa da lambarsa, daidai inda marubucin da yake sa sunansa bayan tammat, illa dai shi wancan addu'a yake roƙo, wannan ciniki.

Na taɓa zama a irin wannan shago wani dattijo ya shigo da kaset naɗe cikin tsumma, na ranar da aka tarye shi daga Makka, ya miƙa wa yaron da hannu biyu. Yaron ya jona tsohuwar na'ura da kwamfuta, kuma da yake kaset ba ya yarda a gaggauta shi, sai da muka kalle shi duka, hoto na rawa, launi ya koma ruwan toka. Ya ce, “Baba, wane hoto zan sa a gaba?” Dattijon ya daɗe bai amsa ba, sa'an nan ya nuna wata tsohuwa da ke guɗa a bakin zaure, ya ce, “Sa wannan, yaro. Mahaifiyata ce.”

Faɗuwar sana'ar ta zo da sauri. Sauƙin kwafin da ya ɗaukaka ta shi ya buɗe ƙofar satar fasaha har ya karya masu shirya fim. Mamori ya shigo, masu tura fim a waya suka gaje rumfunan. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014. Zuwa 2020, da shirin Izzar So ya fito a YouTube, sabon fim ya daina jiran motar Kano. Faifan gurzawa kuwa rini ne a cikinsa, zafi da rana suna cin sa sannu a hankali ko ba a taɓa shi ba, har ya zamana littafin da aka kwafa da tawada tun zamanin kakanni yana karantuwa a gafakarsa, shi kuwa faifan bikin da aka yi shekara goma sha biyar da suka wuce ya sarƙe a babi na biyu. Faya-fayen da suka tsira daga akwati nakan gan su a hanyar Gagarawa da magariba, an ɗaure su da waya a bayan keke ko amalanke, suna ƙyalli in fitilar mota ta haska su.