Matan Fada: Yadda Bakin Gulbi Ya Zama Dandali

Tun kafin zuwan masu zanen taswira, Kabawa sun san tsarin ƙasa. Kanta ya kewaye Surame da ganuwar dutse a ƙarni na 16. Birnin Kebbi da Argungu kuwa a kan tudu aka kafa su, suna duban fadama: gidaje a bisa, shinkafa a ƙasa, gulbi a tsakiya.

Inda wannan hikima ta fi fitowa fili shi ne Matan Fada. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su, alamar an binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan wannan yanki na gulbi ya zama dandali. Ina yaro, kan gaɓa muke tsayuwa, tudun da kansa shi ne mazaunin 'yan kallo. Rumfar manyan baƙi da aikin siminti bin sawun wannan tudu kawai suka yi. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya.

Sai dai tun da aka gina madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta sauya hali. Siminti ba ya haifar da giwan ruwa. Don haka ina roƙon malamai su riƙa kai ɗalibai bakin gulbi, su saurari Sarkin Ruwa da dattawan masunta, domin wanda zai tsara ƙasa gobe ya fara sanin halinta.