Haddin Zango: Yadda Aka Shata wa Tashoshin Rediyo Iyaka

Mutumin da ya zauna da dare a mararrabar Yashe, inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Katsina, ya murɗa akwatin rediyonsa a hankali har ya ji Kaduna tsaf, sa'an nan ya ɗan gusa ya ji wata tasha dabam ba tare da muryoyin biyu sun cakuɗe ba, da wuya ya san cewa wannan ni'ima ta samu ne bayan muhawara mai tsawo tsakanin hukumomin duniya. Gama iska ba ta da ganuwa, kuma duk tashar da aka bari ta yi yadda ta ga dama, lalle za ta yi ta'adi ga maƙwabciyarta.

Asalin al'amarin daga teku ya taso, domin jiragen ruwa ne suka fara amfani da wayar iska, kowane yana buga saƙonsa bisa saƙon ɗan'uwansa, har sai da ƙasashe suka taru a Balin a 1906, suka sake taruwa a Washinton a 1927, inda aka kasa zangon rediyo kashi kashi, aka ba kowane irin aiki rabonsa. A ƙasarmu kuwa wannan matsala ba ta taso da wuri ba, saboda rediyon farko da talakawa suka sani, wanda aka kafa a Ikko a 1935 ya iso Kano a 1944, ta waya ake jawo shi zuwa akwatin da ke rataye a bango, babu abin murɗawa sai na ƙara murya ko rage ta. Sai da ƙananan akwatuna masu batir suka yawaita, BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyonta na Kaduna a 1962, Jamus ma ta buɗe nata sashen Hausa a 1963, sa'an nan mutanen ƙauyukan Kankiya da Kusada suka fara sanin cewa sarari ma yana cika.

Wanda ya yi sauraro a wancan zamani ya san halin matsakaicin zango: da rana tasha biyu ko uku kaɗai ake kamawa, amma da zarar almuru ta yi, sashen sama da ke shanye igiyar rediyo da rana ya janye, sai tashoshin Larabawa da na Turai da na Nijar su kwararo, wani siririn fito ya riƙa ratsa labarai, mai akwati ya yi ta juya shi gabas da yamma ko ya samu sauƙi. Maganin wannan aka nema a taron Janiba na 1975, inda ƙasashen Afirka da Turai da Asiya suka yi ittifaƙi a kan cewa tsakanin tasha da tasha a bar kilohaz 9, aka fara aiki da shi ranar 23 ga Nuwamba 1978. Shi ya sa lambar Kaduna ta matsakaicin zango, wato 594, in ka raba ta da tara ba ta barin saura.

A daidai wannan lokaci aka shata wani haddin, wanda a ganina siyasa ta fi ilmi yawa a cikinsa. Dokar soja da ta kafa Hukumar Rediyon Tarayya ta keɓe gajeren zango, da duk wani matsakaicin zango mai ƙarfin da zai kai jiha fiye da ɗaya, ga Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, aka bar wa jihohi abin da zai tsaya cikin iyakarsu. Saboda haka ko da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ta samu gidan rediyonta, muryarsa ba ta da izinin yin nisan da Kaduna ke yi a lokacin a gajeren zango, a kilohaz 6090. Daga baya, a 1992, aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talbijin ta Ƙasa, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, tashoshin FM suka yi ta tsiro tsakanin megahaz 87.5 da 108, kowace tana bukatar hurumi irin wanda ake bar wa rijiya don kada maƙwabci ya haƙa tasa a jikinta.

To, ta yaya ake gane wanda ya ƙetare haddi, alhali abin ba ya ganuwa? A da, injiniya yakan dogara ga kunne da allurar mizani. Yanzu akwai na'urar auna zango, mai allo kamar na ƙaramin talbijin, wadda ake ɗiban ɗan abin da na'urar watsa shiri ke fitarwa a sa mata, bayan an raunana shi ƙwarai, don in aka ba ta shi da cikakken ƙarfinsa nan take za ta ƙone. Injiniya ya sa lambar tashar a tsakiyar allo, ya zaɓi faɗin da zai duba dama da hagu, sa'an nan ya shigar da ƙa'idar hukuma ɗigo bayan ɗigo: a nesa kaza daga tsakiya, ƙarfi kada ya wuce kaza. Na'urar ta haɗa ɗigon nan su zama layi mai hawa da sauka kamar matakala, muryar tashar kuwa ta bayyana ƙarƙashinsa tana rawa. Muddin tana ƙasa da layin, allo ya nuna an ci. Ta taɓa shi ko da na ƙiftawar ido ne, ya nuna an faɗi.

Galibi laifin ba na mugun nufi ba ne. Mai gabatar da shiri ne ke son waƙa ta fi ta kowa amo, ya tura sauti fiye da kima, igiyar FM ta karkata fiye da kilohaz 75 da aka yarje mata, ta fantsama cikin rabon wata tasha. Injiniya mai amana yakan rage sautin, ya duba matatar da ke bakin na'urar ko zafi da ƙurar hunturu sun sauya ta, ya sake aunawa, sa'an nan ya rubuta sakamakon da kwanan wata a littafin tasha, domin shi ne hujjarsa ranar da jami'an hukuma suka zo bincike.