Daga Teburin Sufeto zuwa Kujerar Alƙali: Tarihin Kotun Baƙi a Amurka

Wanda ya shiga ɗakin kotun shige da fice a Amurka, ko a dogon benen gwamnati da ke 26 Federal Plaza a New York ko a Charlotte ta jihar North Carolina, zai tarar da abin da ido ya saba gani a kotu: alƙali cikin baƙar riga a kan kujera mai tudu, lauyan gwamnati a gefe guda, da na'urar da ke naɗar kowace magana. Sai dai alƙalin nan ma'aikacin ɓangaren zartarwa ne. Antoni Janar, wato ministan shari'a na ƙasar, shi ne ya naɗa shi, kuma a ƙarƙashinsa yake aiki. Ita kanta baƙar rigar sai a 1973 aka amince masa ya sa ta. Kusan duk ƙa'idar da ke wahalar da baƙo a wannan ɗaki, tun daga rashin lauyan kyauta har zuwa hukuncin da ake yanke masa ba ya nan, tana da tushe a yadda kotun ta samo asali.

A 1891 Majalisar Dokokin Amurka ta karɓe harkar tantance baƙi daga hannun jihohi, ta kafa mata ofis a ƙarƙashin Ma'aikatar Baitulmali. Ranar 1 ga Janairun 1892 aka buɗe tashar tsibirin Ellis a bakin ruwan New York. A can sufeto ke duban mutum ya yanke shawarar ko zai shiga ko zai koma jirgin da ya kawo shi. Dokar 1893 ta ƙara wani mataki: idan sufeto ya yi shakka, sai a kai baƙon gaban wani ƙaramin kwamiti na sufetoci 'yan uwansa. Wannan kwamiti shi ne kakan kotun yau.

A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta aza harsashin da har yanzu ba a tone ba. Wata doka ta 1892 ta wajabta wa leburori Sinawa mazauna Amurka su mallaki takardar shaidar zama, wanda kuma aka kama babu ita sai ya kawo shaida farar fata ya tsaya masa. Wani lebura mai suna Fong Yue Ting da wasu mutum biyu a New York suka ƙalubalanci dokar. A watan Mayun 1893 kotun ta ce korar baƙo daga ƙasa ba horo ba ne na aikata laifi, hanya ce kawai ta mayar da mutum inda ya fito. Alƙalai uku sun ƙi yarda, cikinsu har da David Brewer, wanda ya ga cewa raba mutum da gidansa da iyalinsa da sana'arsa horo ne, mai tsanani ma kuwa. Rinjaye dai ya tafi wa ɗaya ɓangaren. Tun da ba shari'ar laifi ba ce, kariyar da tsarin mulki ya tanadar wa wanda ake tuhuma da sata ko kisa ba ta biyo baƙon ba. Shi ya sa ɓarawon da ba shi da ko anini gwamnati ke ɗaukar masa lauya, amma mai neman mafaka doka ta ce yana da damar kawo lauya muddin ba daga aljihun gwamnati ba. Bahaushe dai ya riga ya ce shari'a saɓanin hankali.

Shekara goma bayan haka aka ɗan sassauta. Kaoru Yamataya, wata budurwa 'yar Japan, ta sauka a Seattle a 1901, sufeto ya yanke cewa za ta zama nauyi a kan hukuma. Ta kai kuka cewa ba ta jin Turanci, ba ta da lauya, ba ta ma gane cewa bincikenta ake yi ba. A 1903 Kotun Ƙoli ta ce lalle ne a ba baƙon da ya riga ya shigo ƙasa damar a saurare shi kafin a kore shi. Amma ita Yamataya ba ta ci moriyar ƙa'idar da aka kafa da sunanta ba, domin kotun ta ɗauki rashin jin Turancinta a matsayin rashin sa'arta. Ta faɗi shari'ar.

Ofishin ya yi ta yawo tsakanin ma'aikatu, daga Baitulmali zuwa Kasuwanci da Ƙwadago a 1903, zuwa Ƙwadago ita kaɗai a 1913. A 1940, yaƙi na ci a Turai, Shugaba Franklin Roosevelt ya mayar da hukumar shige da fice, wadda aka fi sani da INS, ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Daga nan aka daina kallon baƙo a matsayin ɗan ƙwadago, aka koma kallonsa ta fuskar tsaro. A shekarar aka kafa hukumar ɗaukaka ƙara ta harkokin baƙi, aka kuma yi dokar rajistar baƙi wadda ta sa aka ɗauki hoton yatsun mutum kusan miliyan biyar, aka ba kowa lamba, aka ɗora masa nauyin sanar da hukuma idan ya sauya mazauni. Lambar nan mai farawa da harafin A ita ce har yau sunan mutum na gaskiya a wurin kotu. Da ita ake neman fayil, da ita ake duba ranar zama ta layin wayar hukumar ko shafinta na intanet, kuma ita ake rubutawa a kan kowace takarda da za a miƙa.

Har zuwa wannan lokaci, sufeton da ke sauraron shari'a shi ne kuma ke gabatar da hujjojin gwamnati, gobe kuma ya fita bincike a kan wani baƙon. A 1950, a shari'ar wani ma'aikacin jirgin ruwa Basine mai suna Wong Yang Sung, Kotun Ƙoli ta bakin Mai Shari'a Robert Jackson ta ce haɗa aikin mai ƙara da na alƙali a hannu ɗaya ya saɓa wa dokar 1946 da ta tsara yadda hukumomin gwamnati za su yi hukunci. Majalisa ba ta bari shekarar ta fita ba sai da ta cire shari'ar baƙi daga ƙarƙashin waccan doka. Babbar dokar shige da fice ta 1952 ta ƙirƙiro muƙamin jami'in bincike na musamman, wanda a 1973 aka sauya masa suna zuwa alƙali. Sai a Janairun 1983 aka fitar da alƙalan daga cikin INS aka kafa musu ofis nasu mai suna EOIR. Da aka rushe INS a Maris na 2003, masu kama baƙi da lauyoyin da ke ƙararsu suka koma sabuwar Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, alƙalai suka zauna a Ma'aikatar Shari'a. An raba gida, amma dukansu biyu shugaban ƙasa ɗaya suke wa aiki.

Illar wannan ta fito fili a 2018, lokacin da Antoni Janar Jeff Sessions ya janyo wata shari'a zuwa teburinsa ya taƙaita damar samun mafaka ga matan da suka gudo daga azabar mazajensu. A 2021 Merrick Garland, da ya hau kujerar, ya soke hukuncin. Ba a sauya ko harafi ɗaya na dokar Majalisa ba a tsakani. An sha gabatar da ƙudurin mayar da kotun mai zaman kanta, ciki har da na 'yar majalisa Zoe Lofgren a 2022, bai kai ga zama doka ba. Shari'o'in da ke jiran sauraro kuwa sun haura miliyan uku a ƙarshen 2023. Abin da wannan ke nufi ga mai shari'a shi ne, labarin ɗan uwan da ya bi ta kotun shekara biyar da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Kotun tana da littafin ƙa'idojin aiki da ta fara fitarwa a 2008, ana kuma yi masa gyara akai-akai, don haka sabon bugunsa da umarnin alƙalin da ke riƙe da shari'ar su ne abin bi.

Dokar da ta fi shafar rayuwar baƙo ta yau da kullum ita ce ta 1996. Ita ta kawo takardar sammacin da ake kira Notice to Appear, ita ta sa wa mai neman mafaka wa'adin shekara ɗaya daga ranar shigowarsa, ita kuma ta tsananta hukuncin rashin halarta. Idan an aika sanarwar zama zuwa adireshin da ke cikin fayil, mutum bai zo ba, alƙali zai ba da umarnin kora a bayan idonsa, kuma za a iya toshe masa wasu hanyoyin gyara zamansa har shekara goma. Ana iya neman a sake buɗe shari'ar cikin kwana 180 idan akwai uzuri mai ƙarfi kamar rashin lafiya mai tsanani, ko a kowane lokaci idan ya tabbata sanarwar ba ta isa gare shi ba. Cunkoson hanya ko mantuwa ba su cika shiga wannan sahu ba.

A nan ne al'adar zaman baƙunta ke cin mutane. Sabon zuwa kan sauka a ɗakin wani ɗan gari a Bronx, ya ba da adireshin, bayan wata biyu ya sami aiki a Greensboro, inda 'yan Nijar ke da yawa, ya tafi. Wasiƙar kotu na can tana jiransa a akwatin mai masaukin da shi ma ya tashi. Doka ta ba shi kwana biyar ya sanar da kotu sabon adireshi ta fom EOIR-33. Sanar da hukumar USCIS, wadda ke ba da takardar izinin aiki, wani wajibi ne dabam, kuma bai wadatar ba, domin ma'aikatun biyu ne tun 2003. Haka nan sauya adireshi ba ya ɗauke shari'a daga New York zuwa Charlotte. Sai an rubuta buƙatar sauya wurin zama, alƙali ya amince. Kafin ya amince, tsohuwar rana a tsohuwar kotu tana nan daram.

Zaman kotun iri biyu ne. Na farko gajere ne, ana tara mutane da yawa a ɗaki guda, alƙali ya karanta wa kowa abin da gwamnati ke zarginsa da shi, ya tambaye shi ko yana son lokaci ya nemi lauya, ya ba shi jerin ƙungiyoyin da ke taimako kyauta, ya sa ranar gaba. Na biyu shi ne na ainihin shari'a, da shaidu da tambayoyi, yakan ɗauki sa'o'i. A ƙofar ginin akwai binciken tsaro irin na filin jirgin sama, layin yakan yi tsawo da safe, alƙali kuma ba ya jiran wanda ke layi, saboda haka sammako wajibi ne. Ɗaukar hoto ko murya haramun ne a ciki. A 2025 jami'an hukumar ICE sun riƙa kama mutane a farfajiyar wasu kotunan, abin da ya sa tsoro ya hana wasu zuwa. Tsoron na da dalili, amma sakamakon rashin zuwa sananne ne, don haka shawarar lauya kafin ranar ta fi ƙauracewa. Lauya mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta tantance su ne manyan waɗanda doka ta yarda su tsaya wa mutum. Mai shagon cike fom a unguwa ba ya cikinsu, ko da Hausa yake ji.

Miƙa takardu na da nasa ladubba. Tun 2022 lauyoyi ta intanet suke miƙawa, wanda ba shi da lauya kuwa yana iya kai wa da hannu ko ya aika. Ranar da takarda ta isa kotu ake lissafi da ita. Duk abin da aka ba kotu sai an ba lauyan gwamnati kwafinsa, a kuma haɗa da shaidar cewa an ba shi, in ba haka ba a iya mayar da takardun. Takardar da ba da Turanci take ba, kamar shaidar haihuwa ta Faransanci daga Maraɗi ko takardar aure ta Hausa ko Larabci daga kotun shari'ar Musulunci, sai an haɗa ta da fassara da sa hannun mai fassarar yana tabbatar da cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai ce.

Akwai wani tarko da ya fi kama mutanen Afirka ta Yamma. Dokar REAL ID ta 2005 ta ba alƙali damar auna gaskiyar mai neman mafaka da yanayin amsarsa, da kuma duk wani saɓani a cikin bayanansa, ko da saɓanin bai taɓa zuciyar labarin ba. Mutum ɗaya na iya zama Mahamadou a fasfo, Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a katin aiki. Wanda ba a rubuta ranar haihuwarsa ba yakan tashi da 1 ga Janairu a wata takarda, wata ranar dabam a wata. Matar da alkunya ta hana ta ambaci sunan mijinta ko ɗanta na fari, da saurayin da ya sunkuyar da kai don girmama babba, duk ana iya yi musu fassarar ɓoye gaskiya. Maganin shi ne a yi bayanin waɗannan abubuwa a rubuce tun kafin lauyan gwamnati ya tono su.

Tafinta kam yanzu kotu ke kawowa a kan kuɗinta, wanda ci gaba ne babba daga zamanin Yamataya. Amma Hausar Kumasi da ta Damagaram da ta Kano ba su zama ɗaya a kunne ba, musamman wajen kalmomin aro na ofis da na asibiti. Wanda bai gane tafinta ba ya faɗa wa alƙali nan take, na'ura na ɗauka, domin masu duba ƙara a gaba abin da ke cikin fayil kawai suke gani.

Masu dubawar su ne hukumar nan da aka kafa a 1940, wadda ke zaune a Falls Church ta jihar Virginia. Da wuya ta kira mutum gabanta, takardu take karantawa. A ƙarshen zama alƙali kan tambayi wanda ya faɗi ko ya karɓi hukuncin ko yana riƙe da damar ɗaukaka ƙara, kuma wanda ya ce ya karɓa ya rufe ƙofar da bakinsa. Wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi kwana 30 ne, ta fom EOIR-26, amma shi ma ƙa'ida ce ta ma'aikata wadda alƙalamin Antoni Janar ke iya taɓawa, don haka ranar da alƙali ya faɗa ita ce abin riƙewa. Fom ɗin kuma sai ya isa Falls Church kafin ranar ta wuce, hatimin gidan waya ba ya ceton wanda ya makara.