Amanar Zango da Shaidar Takarda: Inda Ya Kamata Binciken Sadarwa da Kasuwancin Ƙetare Ya Dosa a Zariya

Unguwar Tudun Jukun, a yankin Tudun Wadan Zariya, tana kusa da wurare biyu masu tarihi a ilimin Arewa. Ga Tukur-Tukur, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 ya zama gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Ga kuma Kongo, inda Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki ta horar da akawuna da ma'aikatan En'e tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a can koyar da sha'anin kasuwanci ya yi saiwa a jami'ar. Ilimin isar da saƙo da ilimin ciniki sun daɗe a gari ɗaya ke nan, amma kowanne da ƙofarsa. Yau matasa da dama na waɗannan unguwanni suna neman digiri na biyu ko na uku a ɗayan fannonin, wasu ma suna hangen jami'o'in Ingila da Malesiya inda ake haɗa sadarwa da kasuwancin ƙasa da ƙasa a kwas guda. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, asarar da ƙasar Hausa ke yi a kasuwannin ƙetare ta fi yawa ta wajen suna da shaida, ba ta wajen kaya ba, kuma wannan giɓi shi ne ainihin aikin mai zurfafa bincike a fannonin nan biyu. Sai dai yadda ake gudanar da binciken a yanzu yana kewaye giɓin ne, ba ya shiga cikinsa.

A fara da fata. Ƙarnuka da dama fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema suka jeme, tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa biranen Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Masu yi wa littattafai bango a Ingila da Faransa sun san ingancinta, suna kuma biyan ta da tsada, amma da sunan fatar Maroko suka san ta. Wanda ya yi kiwo da wanda ya yi jima sun sami ladan wahalarsu, sunan kuwa ya tafi ga wanda ya tsaya a bakin teku. Lamarin bai canja sosai ba. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna tura fata zuwa Italiya da Sifaniya, a can a ɗinka jaka da takalmi a buga musu tambarin wata ƙasa, ribar mai kauri ta tsaya inda tambarin yake. A Samaru akwai cibiyar tarayya ta binciken fasahar fata, saboda haka ba ilimin sarrafawa ne ya yi wa Zariya ƙaranci ba. Abin da babu shi ne cikakken nazari kan yadda mai saye a Milan ko Istanbul ke yanke shawara, wace shaida yake nema kafin ya yarda, wa yake saurare, kuma a wane mataki ne sunan asalin kaya ke ɓacewa tsakanin majema da kanti.

Misalin wake ya fi wannan ciwo, don na kwanan nan ne. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da iri-iri masu suna SAMPEA. Duk da haka a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari, irin wanda ake kira fiya-fiya, fiye da ƙa'idar da ta gindaya, ta kuma tsawaita dakatarwar a 2016. Mai zuba maganin a buhu ba mugu ba ne, gudun asara yake yi, don ƙwaro na iya cinye masa jari kafin damina ta kewayo. Magani kuma akwai, domin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka kuma yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun daga 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da guba ba. To me ya sa wani ɗan kasuwa ya karɓe shi, wani ya ƙi? Shin tsadar buhun ce, ko kuwa mai saye a kasuwar Dawanau ba ya ƙara ko kwabo a kan waken da ba a sa wa magani ba, tunda ba shi da hanyar bambance su? Idan na biyun ne, matsalar ta tashi daga ta wayar da kai ta koma ta shaida, wato yadda labarin ingancin kaya zai bi buhu daga rumbu har tashar jirgin ruwa ba tare da ya zube a hanya ba. Wannan tambaya ba ta ɗan sadarwa ba ce shi kaɗai, ba kuma ta ɗan kasuwanci ba ce shi kaɗai, shi ya sa take faɗawa tsakanin sassan biyu babu mai ɗauka.

Abin da ya sa na ce ana kewaye giɓin, duk wanda ya duba kundayen digiri na biyu a jami'o'in ƙasar nan ya san salon da ya mamaye su. Ɗalibi zai ɗauko take a kan tasirin tallar wani kamfanin waya ko banki ga masu saye, ya jero ra'ayoyin Philip Kotler a babi na biyu, ya fitar da yawan mutanen da zai tambaya da dabarar Taro Yamane, ya je shagon kwamfuta a gurza masa takardun tambayoyi da Turanci, kowace tambaya da akwatuna biyar daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". Waɗanda za su cike takardun galibi 'yan uwansa ɗalibai ne da ma'aikatan ofis, don su ne ke kusa, su ne kuma ke karanta Turanci. A ƙarshe na'ura ta ba da alƙaluma, a ce talla tana da tasiri, a ba kamfani shawarar ya ƙara talla. Ba na raina wannan horo, yana koya wa ɗalibi tsari da haƙuri. Amma dillalin riɗi ba ya cike takarda, haka matar da ke sayar da turaren wuta daga ɗakinta zuwa Yamai da Jidda. Ita wannan, kantinta shi ne shafin WhatsApp: ta ɗora hoton kwalabe da safe, a yi ciniki da saƙon murya, ana "albarka" ana "ƙara dai, Hajiya", har a kai ga "na sallama", kuɗi su shigo ta waya, kaya su bi direban tasha ko wata 'yar uwa mai tafiya Umara. Kasuwancin ƙasa da ƙasa ne sosai, amma ma'aunin da ɗalibi ya riƙo ba ya iya kama shi.

Ba kuwa don babu harsashin da za a ɗora bincike a kai ba. A 1969 Abner Cohen ya wallafa nazarinsa kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara ga maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba mahauci shanu bashi. Paul Lovejoy ya bi sawun ayarin goro zuwa Gwanja a littafinsa na 1980, shi kuma Mahdi Adamu ya fitar da aikinsa kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, daga maɗaba'ar wannan jami'a ta Zariya. Polly Hill ta yi rubutu kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, wanda idon baƙo ba ya gani. Idan aka karanta waɗannan ayyuka da idon ɗan kasuwanci, za a ga cewa zango wata hukuma ce ta tantance mutane. Maigida ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, labarin mai cin amana yana riga shi isa gari na gaba, kuma la'adar dillali kuɗin wannan sani ne. Tsarin ya warware matsalar da littattafan kasuwancin ƙetare ke cika babi-babi a kanta, wato yadda za ka ba da kayanka ga wanda ba ka sani ba a ƙasar da alƙalinka ba shi da iko. Abin takaici, an bar waɗannan littattafai a sashen tarihi da na nazarin zamantakewa, ɗalibin kasuwanci yana iya kammala digiri na uku bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Za a ce, to idan tsarin gargajiya yana aiki haka, me ya kawo jami'a ciki? Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba shi da digiri, kuma 'yan Kantin Kwari suna zuwa Dubai da Guangzhou ba tare da sun nemi shawarar farfesa ba. Wannan gaskiya ne, amma ya kamata a lura da inda ƙarfin tsarin ya tsaya. Amanar zango tana tafiya ne iyakar inda mutum ya san mutum. Tana da ƙarfi wajen shigo da kaya, domin mai sayarwa a Sin kuɗinsa kawai yake so. Wajen fitar da abinci ko fata zuwa kasuwar da ke neman takardar gwajin ɗakin bincike, da lambar da za a bi a gano gonar da kaya suka fito, da kwantaragi a rubuce, kalmar maigida ba ta da inda za a rubuta ta. Nan ne ake buƙatar wanda ya san tsarin biyu, ya kuma iya gano wane aikin dillali ne za a iya mayarwa takarda ba tare da an kashe shi ba. Ƙungiyar 'yan kasuwar da ta riga ta san masu gaskiya a cikinta, alal misali, za ta iya zama mai ba da shaidar inganci? Ko kuwa da zarar an sa hatimi da kuɗin rajista sai amanar ta lalace? Tunani a ofis ba zai amsa wannan ba, sai an zauna a kasuwa.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Mai ita zai ce ilimi ba shi da ƙabila, kuma ɗalibin da aka tsare a kan dillalan Dawanau zai fito bai dace da aiki a Legas ko Landan ba. Akwai ma tsohuwar hujjar Theodore Levitt ta 1983, cewa kasuwannin duniya suna narkewa su zama ɗaya, kamfanin da zai ci riba shi ne mai sayar da abu iri ɗaya ko'ina. Amsar tana jikin masu zuwa ɗaurin aure a Tudun Wada. Shaddar da ake alfahari da ita, gezna, kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a garin Bludenz na Ostiriya, atamfar Holan kuma Vlisco ke buga ta a Helmond. Waɗannan kamfanoni ba kayan Turawa suka kawo mana ba. Sun nazarci ƙyallin da muke so da launin da ke tafiya a biki, suka saƙa domin mu, har sunansu ya zama ma'aunin daraja a bakinmu. Haka BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, saboda sun fahimci cewa mai neman kunnen mutanen nan sai ya zo musu ta harshensu. Sanin wuri da zurfi haja ce da duniya ke saye, kuma ɗalibin Zariya ya fi kowa damar mallakarta. Ƙa'idojin Kotler kowa na iya karanta su a ko'ina, amma ba kowa zai iya zama a rumfar dillali wata uku ya fahimci abin da ake faɗa da wanda aka bari a ciki ba.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ado ne, ainihin matsalar ita ce wutar lantarki da hanya da canjin dala da rufe iyaka. Ba na musun nauyinsu. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, duk da cewa a Yamai ne Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwancin bai-ɗaya ta Afirka a 2019. Sai dai wutar lantarki ba ita ta sa fiya-fiya a buhun wake ba, kuma yadda 'yan kasuwar Jibiya da Maraɗi suka riƙe bashi da alkawari a tsakaninsu lokacin da iyaka ke rufe, ɗaya yana lissafi da naira ɗaya da sefa, shi kansa abin bincike ne da zai faɗa mana ƙarfin tsarin da rauninsa.

Gyaran da ake buƙata ba sabon gini ba ne. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba karatun aikin jarida zuwa fannoni bakwai, ciki har da talla da hulɗa da jama'a da sadarwar raya ƙasa. Wannan ya ƙara ƙwarewa, amma yana iya ƙara katanga idan ba a buɗe ƙofa a matakin digiri na biyu ba. Makarantar karatun gaba da digirin farko tana da ikon amincewa da kundin da malami daga sadarwa da wani daga kasuwanci ko tattalin arzikin noma za su duba tare. Tana da ikon karɓar hira da Hausa da zaman kasuwa na tsawon kaka guda a matsayin hujja mai daraja ɗaya da alƙaluma, ta kuma nemi kowane ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen sakamakonsa da Hausa ya kai wa waɗanda ya yi bincike a kansu, su gaya masa inda ya yi kuskure. Wahalar da ke ciki ta kuɗi da lokaci ce, domin yawancin masu wannan karatu ma'aikata ne da ke biya daga albashinsu, kuma raba takardun tambayoyi ya fi zaman Dawanau araha nesa ba kusa ba. Saboda haka sai an nemi masu ɗaukar nauyi, kuma waɗanda suka fi cancanta a fara tunkara su ne Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya da ƙungiyoyin masu fitar da riɗi da zoɓo da citta, tunda kayansu ne ake dawowa da su daga tashoshin jiragen ruwa.