Wayar Faiba a Legas: Yadda Take Aiki da Abin da Yankewarta Ke Jawo wa ’Yan Kasuwa

Wayar faiba zare ne na gilashi, kaurinsa bai wuce silin gashi ba, wanda ke ɗaukar bayanai a siffar haske da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ta cikinta ake tura kuɗi, ita ce kuma ke haɗa turakun sadarwa da dama da cibiyoyinsu.

Legas ce babbar mashigar waɗannan wayoyi daga ƙarƙashin teku. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, yayin da Equiano ta kamfanin Google ta iso a 2022.

Matsala ta farko ita ce hasken yana raunana idan tafiya ta yi nisa, don haka ake kafa na’urorin ƙara masa ƙarfi bayan kowane kilomita 80 zuwa 100, su kuma suna buƙatar lantarki ba yankewa. Lanƙwasa zaren fiye da kima ma yana sa hasken tsiyayewa.

Ta biyu ita ce yankewa. A unguwanni masu cunkoso irin su Agege, aikin hanya, haƙar kwalbati da ɓarayi ne kan katse wayar. Gyara na buƙatar a auna inda ta tsinke, a tono ta, sannan a narka bakin kowane zare a haɗe shi da ɗan’uwansa.

A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin WACS, ACE, SAT-3 da MainOne sun lalace a tekun Kwaddibuwa, lamarin da ya kawo cikas ga bankunan Najeriya. A irin wannan rana, mahauci a mayankar Oko-Oba ko dillalin tumatir a Mile 12 ba shi da zaɓi illa ya ba da kaya bashi ko ya rasa ciniki, domin na’urar POS ta tsaya.

Ta fuskar kuɗi, gwamnoni sun amince a 2020 da naira 145 kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin shimfiɗa waya, sai dai ba duk jihohi suka aiwatar ba. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya, gwamnatin tarayya kuma ta tsara shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000.

Injiniyoyi kan shimfiɗa wayar a zagaye kamar zobe, ta yadda idan ɓangare ɗaya ya yanke bayanai za su bi ɗaya ɓangaren. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, riƙe layukan kamfanoni biyu yana rage asara.