Ƙurar Raggan: Gwajin Bam na Faransa a Sahara da Matsayin Nijeriya Game da Makaman Ƙare Dangi

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin makaman nukiliya, waɗanda Bahaushe ya raɗa wa suna makaman ƙare dangi, galibi marubuta kan fara da Hiroshima a 1945, su bi ta rikicin Kuba na 1962, sa'an nan su ƙare da yarjejeniyoyin da Amurka da Rasha suka yi ta ƙullawa suna warwarewa. Mai karatu sai ya ɗauka ƙasar Hausa 'yar kallo ce kawai a wannan fage, alhali kuwa ba haka abin yake ba. A arewa da mu aka tayar da bam na farko a nahiyar Afirka, a arewa da mu kuma aka shafe fiye da shekara hamsin ana haƙo ma'adinin yuraniyam, wanda shi ne tushen bam ɗin. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan tarihi tun daga 1959, domin a nuna cewa dabarar razanar da abokin gaba, wadda masu bam suke kafa hujja da ita, ba ta taɓa yin lissafi da mutanen da ke zaune ƙarƙashin iska ba, kuma daga wannan rashin lissafi ne matsayin Nijeriya ya samo asali.

2.0 Kar Ta San Kar

Dabarar razanarwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin birane. Ganuwar da Kanta ya kewaye Surame da ita a ƙarni na 16 amfaninta biyu ne, watau ta tare maharin da ya zo, ta kuma sa wanda bai zo ba ya sake shawara. Amma akwai bambanci babba tsakanin ganuwa da bam. Ganuwa kariya ce, shi kuwa bam ba ya kare kowa. Abin da yake yi shi ne ya tabbatar wa abokin gaba cewa in ya kai hari, to, shi ma ba zai kwana ba. Tun da Tarayyar Sobiyet ta harba kumbon Sputnik a 1957, duniya ta gane cewa rokar da ta iya kai kumbo sararin samaniya tana iya kai bam wata nahiya cikin kimanin rabin sa'a. Daga nan zaman manyan ƙasashe ya koma na kar ta san kar.

Janar de Gaulle na Faransa ya ga cewa ƙasar da ba ta da nata bam za ta dawwama a inuwar Amurka. Hujjarsa ita ce, ko ƙaramar ƙasa in tana iya yi wa babba ɓarnar da ba za ta jure ba, babbar za ta kiyaye ta. Sai dai bam ba ya razana kowa sai an gwada shi duniya ta gani, makami mai linzami kuma sai an harba shi an tabbata yana isa inda aka nufa. Faransa ba ta yarda ta yi gwajin a ƙasarta ba, sai ta zaɓi Saharar Aljeriya, wadda a lokacin take mulka. A Hammagir ta riƙa gwada rokoki, a Raggan kuwa ta shirya tayar da bam.

3.0 Tuwat Ba Kufai Ba Ce

Abin da hukumomin Faransa suka riƙa faɗa shi ne wurin hamada ne, nesa da mutane. Ɗalibin tarihin ƙasar Hausa ba zai karɓi wannan magana ba. Raggan tana kudancin jerin dausayoyin Tuwat, kuma Tuwat zango ne sananne a hanyar fatake tsakanin Magrib da Katsina da Kano. Daga can Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili ya taso ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, kuma a can ƙasar Tuwat kabarinsa yake. Yankin da aka kira fili fetal, manoman dabino da makiyaya da malamai ne a cikinsa, kuma hanyar da ta kawo mana littattafai da raƙuma ba za ta gagari ƙura ba.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960 aka tayar da bam na farko, mai ƙarfin kimanin tan 70,000 na nakiya, watau ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Aka sake tayar da wasu uku a sarari, ranar 1 ga Afrilu da 27 ga Disamba 1960, da 25 ga Afrilu 1961. Bayan haka aka koma duwatsun In Ekker a ƙasar Buzaye, aka yi gwaji 13 a ƙarƙashin ƙasa tsakanin 1961 da 1966. Ɗaya daga ciki, na ranar 1 ga Mayu 1962, ya fasa dutsen, hayaƙinsa ya fito ya sauka a kan sojoji da manyan jami'an da suka zo kallo. Ya kamata a lura cewa yawancin gwajin ƙarƙashin ƙasa an yi su ne bayan Aljeriya ta sami 'yancin kai, domin yarjejeniyar Ebiyan ta 1962 ta bar wa Faransa wuraren har shekara biyar.

Illar bam ɗin da aka tayar kusa da ƙasa ita ce yana kwasar rairayi ya cuɗa shi da burbushinsa mai guba, ya ɗaga shi sama, iska kuma ta ɗauke shi. Gubar nan ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta. Takan sauka kan ciyawa da rijiya, ta shiga nono, illarta kuma ta bayyana bayan shekaru. Daga Raggan zuwa ƙasar Gwandu tafiyar kimanin kilomita 1,600 ce, kuma biyu daga gwaje-gwajen sun faɗo tsakiyar hunturu. Manomin Jega ko Maiyama, da mai lambun albasa a Aliero ko Jandutsi, ba ya bukatar masani ya gaya masa daga ina hazo yake zuwa. Wata taswirar sojan Faransa da aka cire wa takunkumin sirri a 2013 ta nuna cewa cikin mako biyu ƙurar bam na farko ta bazu a sassa masu faɗi na Afirka ta Arewa da ta Yamma da ta Tsakiya.

4.0 Matakin Tafawa Ɓalewa

Tun kafin a tayar da bam ɗin aka fara kuka. A Nuwamba 1959 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi Faransa ta fasa gwajin. A ƙarshen wannan shekara wata tawagar masu adawa, cikinsu har da Michael Scott da Bayard Rustin, ta tashi daga Ankara da nufin isa Raggan, amma jami'an Faransa suka tare ta a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Da aka yi gwajin farko, Kwame Nkrumah ya ɗora hannu a kan kadarorin Faransa da ke Gana. Nijeriya kuwa a lokacin tana ƙarƙashin Ingila, ba ta da bakin kanta a harkokin waje. Iyakar abin da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iya shi ne kai kukan jama'a ga gwamnatin Ingila, ita kuma ta kafa wuraren auna ƙura, tana kwantar wa mutane hankali.

Gwaji na uku ya zo bayan 'yancin kai da wata uku bai cika ba. A nan ne aka ga bambanci. Ranar 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa, ta ba jakadanta Raymond Offroy sa'o'i 48 ya bar ƙasar, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa shiga tashoshinta. Wannan ya ba mutane mamaki, domin an san Tafawa Ɓalewa da sanyin hali da kusanci da ƙasashen Yamma, kuma Hausawa na cewa faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Shi bai mai da shi wasa ba.

Matakin bai tafi a banza ba, amma kuma an biya kuɗinsa. Hana jiragen ya fi cutar da maƙwabta irin su Nijar da Cadi da Dahome, waɗanda kayansu ke bi ta Nijeriya, saboda haka bayan 'yan watanni aka janye shi. Hulɗar jakadanci kuwa sai da aka shafe shekaru kusan biyar kafin ta dawo. Wasu masana tarihi na ganin ɗacin wannan kora yana cikin dalilan da suka sa de Gaulle ya karkata ga Biyafara lokacin yaƙin basasa. Faransa dai ba ta daina gwaji ba. A 1966 ta kwashe kayanta ta koma tsibiran tekun Fasifik, inda ta ci gaba har 1996.

5.0 Daga Janiba Zuwa Pelindaba

Abin da aka rasa a Raggan an neme shi a teburin shawara. A Nuwamba 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1652, wanda ya nemi a ɗauki Afirka a matsayin nahiyar da ba a gwada makaman nukiliya a cikinta, ba a kuma ajiye su. A 1962 aka kafa kwamitin ƙasashe 18 na kwance ɗamara a Janiba, Nijeriya na cikin ƙasashe takwas 'yan ba-ruwanmu da aka ba kujera. Faransa kuwa ta ƙi zama a tata. A 1963 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka haramta gwaji a sarari da cikin ruwa, ko da yake Faransa da Sin ba su sa hannu ba. A 1964 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka yi shelar Alƙahira kan raba nahiyar da waɗannan makamai. A 1968 kuma, tana tsakiyar yaƙin basasa, Nijeriya ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya.

Ba kowa ne ya gamsu da wannan hanya ba. Da labari ya yi ƙarfi cewa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana ƙera bam, sai hujjar de Gaulle ta dawo da bakin 'yan Afirka. Farfesa Ali Mazrui, a laccocinsa na gidan rediyon BBC a 1979, ya ce ya kamata ƙasashe irin Nijeriya su mallaki bam, a ganinsa sai abin ya yaɗu kafin manya su yarda a kawar da shi gaba ɗaya. Farfesa Bolaji Akinyemi, yana ministan harkokin waje, ya yi kira makamancin wannan a 1987. Tsoron nasu ba na banza ba ne, domin a Maris 1993 Shugaba de Klerk ya bayyana cewa ƙasarsa ta ƙera bam shida, ta kuma wargaza su. Wannan ya buɗe hanyar yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira ranar 11 ga Afrilu 1996, ta fara aiki ranar 15 ga Yuli 2009.

Ko a Zariya an ga ci gaban wannan tarihi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004 da yuraniyam mai tsananin tacewa, irin wanda ake iya yin bam da shi. A 2018 aka musanya shi da mai ƙarancin tacewa, aka mayar da na farkon ƙasar Sin. A Agusta 2020 kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya baki ɗaya, wadda ta fara aiki a Janairu 2021 ba tare da sa hannun ko ɗaya daga masu bam ba.

6.0 Yuraniyam Ɗin Azbin

Ɓangare na biyu na labarin yana ƙarƙashin ƙasa. Hukumar makamashin atam ta Faransa, wadda ta ƙera bam ɗin Raggan, ita ce ta bi duwatsun Azbin tana neman yuraniyam. Aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara haƙa a Arlit a 1971. Mahaƙar Cominak ta Akuta ta biyo baya a 1978, aka rufe ta a 2021. A 1974 Shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara farashin ma'adinin, ana cikin tattaunawar sojoji suka kifar da shi a watan Afrilu. Har a 2022 Nijar ce ta samar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyam ɗin da Tarayyar Turai ta saya, alhali babban birninta ya daɗe yana dogaro da layin lantarki da ya bi ta Birnin Kabi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2025 gwamnatin sojan Nijar ta ƙwace Somaïr ta mayar da shi mallakar ƙasa.

Har ila yau an yi amfani da sunan Nijar wajen halatta yaƙi. A Janairu 2003 Shugaba Bush ya ce Iraƙi ta nemi yuraniyam daga Afirka, duk da cewa tsohon jakada Joseph Wilson, wanda aka tura Yamai a 2002, ya dawo da rahoton cewa da wuya a ce an yi cinikin. A Maris 2003 Muhammad el-Baradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun cinikin jabu ne. Ba a cika mako biyu ba aka fara yaƙin.

7.0 Kammalawa

A yau ƙasashe tara ne ke riƙe da kawunan bam kimanin 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Yarjejeniyar 1987 ta makamai masu linzami masu matsakaicin zango ta rushe a 2019. A 2023 Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar New START, wadda aka yanka wa wa'adin Fabrairu 2026, ta kuma janye amincewarta da haramcin gwaji. A 2025 Indiya da Pakistan suka yi musayar wuta, Isra'ila da Amurka kuma suka kai hari cibiyoyin nukiliyar Iran. Masu goyon bayan razanarwa kan nuna Yukiren, wadda ta amince a 1994 ta miƙa makaman da ta gada aka kuma mamaye ta, da Libiya da ta watsar da shirinta a 2003, su ce ga sakamakon wanda ya ajiye makami. Wannan hujja ce mai nauyi, ba a kawar da ita da fatar baki.

Sai dai tarihin Raggan ya nuna ɓangaren da hujjar ta bari a baya. Duk tsaron da bam ya ba mai shi, wani ne ya fara biyan kuɗinsa, ko dai wanda aka haƙa ƙasarsa, ko wanda aka yi gwaji a kusa da gonarsa, kuma ba a shawarci ko ɗayansu ba. Dokar diyya da Faransa ta yi a 2010 ba ta amfani mutanen Sahara ba sai ƙalilan, kuma har yanzu Aljeriya na neman cikakken bayanin inda aka binne tarkacen. Idan manyan ƙasashe suka koma gwaji, lalle za su sake neman wurin da za su kira kufai. Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban tarihi da na harshe: jaridun Hausa na 1959 zuwa 1961, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo, da bayanan muhawarar majalisa, da abin da dattawan da suka ga hunturun 1960 suke iya tunawa, duk suna jiran mai tattarawa, tun masu shaidar ba su ƙare ba.