Gwajin Hankali A Ƙasar Laberiya

Masanan halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gardama ko gwajin hankalin da Turawa suka shirya zai iya auna basirar kowace al'umma. A cikin shekara ta 1964 wani malami Ba'amurke, Michael Cole, ya tafi Laberiya, suka haɗu da John Gay don su binciki abin da ya sa lissafin makaranta yake ba 'ya'yan kabilar Kpelle wuya. Da aka sa manoman Kpelle su ƙiyasta gwangwani nawa ne na shinkafa cikin kwano, sai suka fi Amurkawa masu ilmi dacewa, domin awon shinkafa aikinsu ne kullum.

Abokin aikinsu, Joseph Glick, ya zuba wa waɗansu manoma kaya iri iri, ya ce su rarraba. Suka haɗa wuƙa da lemo, wai da ita ake yanka shi, haka mai hankali zai yi. Ya tambaye su yadda wawa zai yi, nan da nan suka ware abinci dabam, kayan aiki dabam, watau daidai amsar da yake nema. Daga nan masana da yawa suka yarda lalle ne a san zaman mutum da sana'arsa tukuna, kana a yanke hukunci bisa basirarsa.